Waiwaye: Yadda Karantar da Yara a Gida Ya Samu Gindin Zama a Dokokin Amurka

A farkon annobar korona, a 2020, hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka ta gano cewa kashi 5.4 cikin 100 na gidajen da ke da yara 'yan makaranta ne ke karantar da su a gida. Kafin shekarar ta ƙare, adadin ya kai kashi 11.1. A gidajen baƙar fata kuwa, daga 3.3 ya yi tsalle zuwa 16.1. Da yawa daga cikin waɗannan iyaye sun ji an ce doka ta yarda, sai suka cire 'ya'yansu daga makaranta. Abin da ba a gaya musu ba shi ne babu wata doka guda ɗaya ta tarayya a kan wannan batu. Jihohi 50 ne, kowace da nata sharaɗin, kuma abin da ya wadatar a Texas zai iya jawo wa uwa ziyarar jami'an kare yara a New York. Dalilin wannan bambanci yana cikin tarihin yadda aka samu 'yancin.

Jihar Massachusetts ce ta fara kafa dokar tilasta wa yara zuwa makaranta a 1852, Mississippi kuma ta zama ta ƙarshe a 1918. Daga nan karatun gida, wanda a da shi ne abin da aka saba da shi a ƙauyuka, ya koma abin zargi. Jihar Oregon ta ma wuce gona da iri a 1922, ta ce duk yaro daga shekara 8 zuwa 16 sai makarantar gwamnati kawai. Wata ƙungiyar mata 'yan ɗarikar Katolika masu makarantu ta kai ƙara, kuma a 1925 Kotun Ƙoli ta soke dokar, tana cewa yaro ba mallakin gwamnati ba ne, iyayensa na da haƙƙin zaɓa masa tarbiyya. A 1972 aka sake komawa kotun a kan wasu magidanta uku 'yan ɗarikar Kirista ta Amish, masu rayuwar gargajiya a ƙauyuka, a Wisconsin, waɗanda aka ci tarar dala 5 kowannensu saboda sun ƙi barin 'ya'yansu su wuce aji takwas. Kotu ta ba su gaskiya bisa 'yancin addini.

Ya kamata a lura da wani abu a nan, domin ana yawan kuskure a kansa: babu ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen nan biyu da ya ce kowane uba na da 'yancin ajiye ɗansa a gida yadda ya ga dama. Na farko a kan makarantu masu zaman kansu ne, na biyu kuma an ɗaure shi da yanayin rayuwar Amish. Sun dai buɗe ƙofa, amma an bar wa jihohi ikon tsara sharuɗɗa.

Yunƙurin zamani ya taso ne daga ɓangarori biyu da ba su cika shan inuwa ɗaya ba. John Holt, tsohon malamin firamare, ya yanke ƙauna daga gyaran makarantu, ya ce aji da jarrabawa na kashe sha'awar koyo da aka haifi yaro da ita. A 1977 ya fara buga mujalla don iyaye masu karantarwa a gida. Raymond Moore da matarsa Dorothy kuma suna wa'azin cewa kai yaro aji kafin shekara 8 ko 10 cutarwa ce. Saƙonsu ya samu karɓuwa a tsakanin Kiristoci masu ra'ayin riƙau, waɗanda a shekarun 1980 suka zama mafi rinjaye a harkar. A lokacin ana gurfanar da iyaye bisa laifin hana yaro zuwa makaranta, wasu jihohi kuma na cewa sai mai takardar shaidar koyarwa ne zai karantar. A 1983 lauyoyi biyu, Michael Farris da Michael Smith, suka kafa HSLDA, ƙungiyar kare masu karatun gida a shari'a: iyali su biya kuɗin shekara, ƙungiya ta tsaya musu a kotu.

Jiha bayan jiha aka yi ta fafatawa, wani wuri a majalisa, wani wuri a gaban alƙali. New York da Pennsylvania sun fitar da ƙa'idojinsu a 1988. A Michigan, kotun ƙolin jihar ta yanke a 1993 cewa ba za a tilasta wa iyaye masu hujjar addini mallakar takardar koyarwa ba, kuma daga wannan shekarar ake lissafin cewa karatun gida ya halatta a ko'ina cikin ƙasar. A Texas iyaye ne suka kai gundumomin makarantu ƙara a 1985, kotun ƙolin jihar ta tabbatar musu da nasara a 1994, aka ɗauki gidan da ake karantarwa a matsayin makaranta mai zaman kanta. A wannan shekarar ce kuma wani sashe na ƙudirin ilimi a Majalisar Wakilai ya sa iyaye fargabar za a dawo da sharaɗin takardar koyarwa ta bayan gida. Suka yi ta buga waya har layukan majalisa suka cushe, aka cire sashen. Tun daga ranar 'yan siyasa suka san ƙarfin wannan jama'a. Ko a Kalifoniya, inda kotun ɗaukaka ƙara ta ce a Fabrairun 2008 sai mai takardar koyarwa, kotun da kanta ta sauya hukuncin a watan Agusta.

Adadin yaran ya bi sawun dokokin: ma'aikatar ilimi ta ƙiyasta 850,000 a 1999, miliyan 1.1 a 2003, sannan kusan miliyan 1.8 a 2012.

Sakamakon wannan tarihi shi ne tsari mai ban mamaki. A Texas, iyayen da ɗansu bai taɓa shiga makarantar gwamnati ba ba sa buƙatar sanar da kowa. Doka na son karatun ya zama na gaskiya, da littattafai ko wani abin da ido ke gani, kuma ya ƙunshi karatu, haɗa baƙi, nahawu, lissafi da tarbiyyar zama ɗan ƙasa na gari. Babu jarrabawa, babu rahoto. Jihohi wajen goma, irin su Idaho, Oklahoma, Illinois da New Jersey, su ma ba sa neman sanarwa. A Kalifoniya, hanyar da aka fi bi ita ce iyali su cike takardar rajistar makaranta mai zaman kanta tsakanin 1 da 15 ga Oktoba kowace shekara.

New York ce ya fi dacewa a tsaya a kanta, saboda tsaurinta da kuma yawan 'yan Afirka ta Yamma, har da Hausawa, da ke zaune a unguwanni irin su Bronx. Matakin farko shi ne wasiƙar sanar da niyya zuwa ga hukumar makarantun gunduma kafin 1 ga Yuli, ko cikin kwana 14 da fara karatun idan a tsakiyar shekara aka yanke shawara. Sai takardar tsarin karatu ta kowane yaro, wadda ake kira IHIP, zuwa 15 ga Agusta ko cikin mako huɗu da karɓar fom. A cikinta za a rubuta darussa, littattafan da za a yi amfani da su, sunan mai koyarwa, da ranaku huɗu da iyaye suka zaɓa don miƙa rahoto. Aji ɗaya zuwa shida na buƙatar awa 900 a shekara, aji bakwai zuwa goma sha biyu awa 990. Idan aka raba a kan kwana 180, awa biyar ke nan ko biyar da rabi a rana. Kowane rahoto zai nuna awannin da aka yi, abin da aka karanta a kowane darasi, da maki ko bayani a rubuce. In aka gaza kammala kashi 80 cikin 100 na abin da aka tsara a wani darasi, sai an bayyana dalili. A ƙarshen shekara akwai tantancewa: daga aji huɗu zuwa takwas ana yin jarrabawar da hukuma ta amince da ita aƙalla shekara ɗaya cikin biyu, daga aji tara kuma kowace shekara. Ana son yaro ya zarce kashi 33 cikin 100 na tsaransa, ko ya nuna ci gaban shekara guda. In ya kasa, za a sa iyalin a ƙarƙashin sa ido har tsawon shekara biyu, tare da tsarin gyara.

Mafi yawan matsalolin da iyaye ke faɗawa ba daga koyarwa suke fitowa ba, daga takardu ne. Babba a ciki shi ne daina tura yaro makaranta ba tare da wasiƙa ba: rajista na ci gaba da nuna ba ya zuwa, makaranta kuma na iya kai rahoton sakaci da ilimin yaro. Don haka a aika wasiƙa ta hanyar da ke ba da shaidar an karɓa, a ajiye kwafi. Na biyu shi ne cika alkawari da yawa a takardar tsari. Wanda ya lissafa littattafai goma a darasi ɗaya, da abin da ya rubuta za a auna shi. Na uku ya shafi iyalan Musulmi da ke zaɓar karatun gida don yaro ya samu lokacin haddar Alƙur'ani. Niyya ce mai kyau, doka ba ta hana ba, amma hadda ba ta maye gurbin lissafi, Turanci, kimiyya da tarihin Amurka da jihar ta wajabta, kuma yaron da aka bari shekara biyu ba lissafi yana shan wahala kafin ya cim ma tsaransa. Na huɗu shi ne ƙaura: izinin wata jiha ba ya bin iyali zuwa wata. Sai kuma batun shaidar kammala sakandare, wadda New York ba ta ba ɗan karatun gida. Ana neman wasiƙar shugaban makarantun gunduma cewa karatun ya yi daidai da na sakandare, ko a rubuta jarrabawar GED, wadda ke a madadin shaidar sakandare, ko a tara maki 24 na darussan kwaleji. Tun daga aji tara ya kamata a fara rubuta kundin darussa da makin kowace shekara, domin jami'o'i za su nema.

Ta fuskar taimako, ɗakin karatu na unguwa ne tushe: kati kyauta ne, ana aron littattafai har daga wasu rassa, wasu kuma na ba da tikitin shiga gidajen tarihi. Iyalai kan haɗa ƙungiya su riƙa haɗuwa sau ɗaya ko biyu a mako a coci, masallaci ko zauren unguwa, wannan uwa ta ɗauki kimiyya, wancan uba ya ɗauki lissafi. Khan Academy na da darussa kyauta a intanet. Manyan yara kan shiga ƙananan kwalejojin gunduma su ɗauki darasi tun kafin su gama sakandare. Wasanni kuwa sun danganta da jiha: Florida ta ba su damar shiga ƙungiyoyin makarantun gwamnati tun 1996, New York ba ta ba su ba. Mai yaro mai buƙata ta musamman a New York sai ya nemi tallafin gunduma a rubuce kafin 1 ga Yuni. Arizona ta fara ba iyaye kuɗin karatu a asusu na musamman a 2011, ta buɗe shi ga kowa a 2022, sai dai wanda ya karɓa ya sa hannu a yarjejeniya, kuma doka ba ta ƙara lissafa shi cikin masu karatun gida na asali.

Muhawarar ba ta mutu ba, ta dai sauya alƙibla. A 2013 wasu da suka tashi a karatun gida suka kafa ƙungiyar CRHE, suna neman a riƙa duba lafiya da ci gaban yaran. A 2018 aka gano 'yan'uwa 13 da iyayensu suka kulle suna azabtarwa a garin Perris na Kalifoniya, a gidan da ke da rajistar makaranta mai zaman kanta, ba wanda ya taɓa leƙawa. A ganinmu, jihar da ba ta ma san sunan yaron da ke karatu a gida ba ta yi sakaci da shi, kuma sanarwa sau ɗaya a shekara tare da tantancewa ba ta tauye haƙƙin iyaye na gari. Ƙudirorin da aka gabatar a majalisar Kalifoniya bayan abin da ya faru a Perris ba su kai ga zama doka ba, bayan ɗaruruwan iyaye sun cika zauren sauraron ra'ayi suna adawa da su.