Kuɗinka, gonarta: asalin takardar da baƙo ke sa wa hannu a ofishin filaye na Tailan

A ofishin filaye na Tailan akwai wata 'yar takarda da ake miƙa wa baƙon da ya rako matarsa sayen gona. Ba ta da tsawo. Abin da ta ƙunsa shi ne kuɗin da za a sayi filin da su na matar ne ita kaɗai, ba dukiyar aure ba ce. Miji da mata duka za su sa hannu a gaban jami'i. Sau da yawa mai sa hannun nan shi ne ya turo kuɗin daga Jamus ko Ingila ko Ostireliya, na fanshonsa ko na gidan da ya sayar a ƙasarsu. In ya ƙi sa hannu, ba za a rubuta sunan matar a takardar fili ba. In ya sa, ya shaida da hannunsa cewa kyauta ya yi.

Takardar ta 1999 ce, amma tsoron da ya haife ta ya girme ta nesa ba kusa ba. A 1855 Sarki Mongkut na Siyam, kamar yadda ake kiran ƙasar a da, ya ƙulla yarjejeniya da wakilin Ingila, John Bowring. Ta ba mutanen Ingila damar sayen fili a kewayen Bankok, iyakar tafiyar awa 24 a kwalekwale, ta kuma fitar da su daga hukuncin kotunan ƙasar. Faransa da Amurka suka biyo sahu. Siyam ba ta taɓa shiga hannun 'yan mulkin mallaka ba, sai dai da ƙasa ta fanshi kanta: Faransa ta karɓe yankin Laos a 1893, ta ƙara da Battambang da Siem Reap a 1907, Ingila kuma ta ɗauki jihohi huɗu na Malayu a 1909. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Sarki Chulalongkorn ya kawo takardar mallaka irin ta zamani a 1901. Dokar filaye da ake aiki da ita har yau kuwa ta 1954 ce, kuma sashe na 86 nata ya ce baƙo ba zai mallaki fili ba sai in akwai yarjejeniya tsakanin ƙasarsa da Tailan da ta ba shi wannan dama. Yarjejeniya ta ƙarshe irin wannan ta ƙare a 1970. Wato ƙofar tana nan a rubuce, makullin ne aka jefa rijiya.

Waɗanda suka fara ɗanɗana kuɗar wannan tsari mata ne 'yan ƙasa. Lokacin yaƙin Biyetnam sojojin Amurka sun cika sansanonin Udon Thani da Korat da Ubon Ratchathani da Nakhon Phanom, duka a yankin Isan na arewa maso gabas, inda talauci ya fi katutu. Sojoji suka tafi a 1976, masu yawon buɗe ido suka maye gurbinsu, aure tsakanin 'yan matan Isan da Turawa ya zama ruwan dare, har aka yi wa irin wannan mata suna, mia farang, matar Bature. A dokar iyali ta ƙasar abin da aka samu bayan ɗaura aure, ban da gado da kyauta, sin somros ne, dukiyar miji da mata, rabi da rabi. Sai hukuma ta ce, to, in matar baƙo ta sayi gona, rabinta ya zama na baƙo ke nan. Aka hana ta saye. Abin ya fi ciwo a Isan, don can al'adarsu saɓanin tamu ce: ango ne ke tarewa gidan surukai, gona kuma galibi ta hannun 'ya'ya mata take bi, 'yar auta ce ke riƙe tsofaffi ta gaji gida. Mata da yawa suka ƙi yin rajistar aurensu, wasu suka riƙa saye da sunan uwa ko ƙane, da duk rigimar da hakan ke haifarwa.

A 1997 abu biyu suka faru. An yi sabon tsarin mulki da ya daidaita haƙƙin mace da namiji, sannan kuɗin ƙasar ya rushe: dala ɗaya da ake canzawa baht 25 ta haura 50 cikin 'yan watanni. Ƙasa na neman kuɗin waje ido rufe, amma ba ta son sakin fili. A Maris 1999 ma'aikatar cikin gida ta sami mafita: matar baƙo za ta iya saye, muddin su biyun sun shaida kuɗin sin suan tua ne, dukiyarta ta ƙashin kanta. A shekarar ce aka ƙara wa dokar filaye sashen da ya ba baƙon da ya zuba jarin baht miliyan 40 damar mallakar fili mai girman rai ɗaya, ma'aunin fili na Tailan, don gidan zama, da izinin minista. Rai ɗaya murabba'in mita 1,600 ne, sai an haɗa shida da kwata ake samun hekta guda. A shekarar dai aka kafa dokar kasuwancin baƙi, wadda ta sa noman shinkafa da sauran amfanin gona da kiwo da cinikin filaye a jerin farko, jerin sana'o'in da baƙo ba ya taɓawa ko da izini.

Ga inda gizo ke saƙar. A ce aure ya mutu bayan shekara takwas, mijin ya je kotu ya ce gonar tasa ce, sunan matar kawai ya ara. Da bakinsa ya amsa laifi, don dokar filaye ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 2 ko tarar baht 20,000 ga baƙon da ya mallaki fili ta bayan gida, haka ma ɗan ƙasar da ya ara masa suna, kuma za a tilasta sayar da filin cikin kwana 180 zuwa shekara ɗaya. In kuma ya tsaya kan abin da ya sa wa hannu, gonar tata ce, tana iya sayarwa ko jinginarwa ba tare da ta tambaye shi ba. Gaba kura, baya sayaki. Iyakar abin da zai iya nema shi ne kuɗinsa, wannan ma sai da hujja da doguwar shari'a. Wanda ba su yi rajistar aure ba ma ya fi shiga uku, don ba shi da gado, ba shi da rabon dukiyar aure.

An gwada dabaru iri-iri. Akwai kafa kamfani da 'yan ƙasa ke riƙe da kashi 51 a takarda, direba da mai shara da sakatariyar lauya, baƙo kuma shi ne mai kuɗin. Tun 2006 aka umarci jami'an filaye su binciki inda masu hannun jari suka samo kuɗinsu, kuma hukuncin aron suna a dokar kasuwanci ya kai shekara 3. Akwai haya, wadda doka ta ƙayyade wa shekara 30. Dillalai sun daɗe suna tallar "30 da 30 da 30", har Kotun Ƙoli ta ce alkawarin sabuntawa da aka ƙulla tun farko don kauce wa wannan iyaka ba shi da tushe. Wanda ya fi ƙwari shi ne haƙƙin cin moriyar fili har ƙarshen rai, wanda ake rubutawa a bayan takardar mallaka. Shi ma lauyoyi na jan kunne a kansa, saboda sashe na 1469 na dokar farar hula ya ba miji ko mata damar soke yarjejeniyar dukiya da suka yi a junansu cikin aure, har zuwa shekara ɗaya bayan rabuwa.

Gona kuma tana da nata tarkon da filin birni ba shi da shi. Takardun fili a Tailan ana gane su da launin garuda, tsuntsun tambarin masarauta da ke samansu. Mai jan tsuntsu ita ce chanote, cikakkiyar mallaka, an auna an kafa duwatsun iyaka. Mai kore shaidar amfani ce, ana sayarwa, amma ba ta kai ta farko ba. Sai Sor Por Kor 4-01, filin da gwamnati ke raba wa talakawan manoma tun dokar gyaran filayen noma ta 1975, wanda ba na sayarwa ga kowa ba ne. Badaƙalar raba irinsa ga attajiran Phuket ce ta kayar da gwamnatin Chuan Leekpai a 1995. A ƙarshen layi akwai Por Bor Tor 5, rasit ɗin haraji kawai. A ƙauye ana cinikin waɗannan biyun na ƙarshe hannu da hannu, da araha mai jan hankali, baƙon da ba ya karanta rubutun Tai kuma duk takarda mai hatimi takarda ce a wurinsa.

Ko takarda ta yi kyau, akwai bashi. Manomin Isan da shinkafarsa da rogonsa da rakensa ya dogara ne da damina, kuma takardar fili ita ce abin da bankin manoma da masu ba da rance ke karɓa. In ƙane ya ci bashi ko uba ya kwanta asibiti, 'yar da ke da chanote ita ake kallo. A ganina yawancin gonakin da "suka ɓace" ta nan suka bi, ba ta hanyar makircin da Turawa ke ba juna labari a mashaya ba. Ba a cika jin bakin matar da ta yi shekaru tana jinyar tsoho tana noma filin ba. In kuma ita ta riga shi rasuwa, zai raba gado da 'ya'yanta da iyayenta, kason da ya faɗo masa na fili dole ya sayar, izinin zamansa na aure kuma ba ya sabuntuwa sai da auren. Dokar ba ta san Bature daban, ɗan kasuwarmu da ke sarin kaya a kasuwar Pratunam ta Bankok daban ba. Baƙo dai baƙo ne.

A Oktoba 2022 gwamnatin Prayut Chan-o-cha ta amince a sassauta wa baƙi masu kuɗi sharuɗɗan wancan rai ɗaya na gidan zama. Ƙasa ta ɗauka da kalma biyu, khai chat, sayar da ƙasa. Cikin mako biyu aka janye daftarin. Maganar gona kuwa ko tayar da ita ba a yi ba.