Don Allah a daina zuba fiya-fiya a gorar lemo

Tun da damina ta kankama ban yi sati biyu cur ba tare da an shigo mana asibiti da wanda maganin ƙwari ya taɓa ba. Yau manomi ne da ya yi feshi da tsakar rana babu riga a jikinsa, gobe yarinya ce da aka shafa mata a kai wai don ƙwarƙwata. Amma wanda yake hana ni barci shi ne ɗan shekara biyu ko uku, a shigo da shi saɓe a kafaɗa, jiki duk ya saki, miyau na dalala, gumi sharkaf, ƙirji na ƙara kamar mai kuskurar baki. Tun kafin a yi mini bayani na ji warin a rigarsa. In na tambaya kuwa, amsar ba ta canzawa: "Malama, a gorar lemo yake, ya ɗauka abin sha ne."

A gorar lemo. Kullum a gorar lemo.

Iyayena mata, 'yan uwana maza, na san ba da gangan kuke yi ba. Na san sauro ya addabe ku, kuɗin cizo ya hana yara barci, kyankyaso da ɓera sun cika ɗaki. Na kuma san cikakkiyar kwalba ta fi ƙarfin aljihun mutane da yawa, shi ya sa ake aiken yaro wurin mai baro a ce a tsiyayo na ɗari biyu. Mai baron kuma ba shi da mazubi sai gorar da ya tsinto, irin wadda jiya aka sayar da zoɓo ko kunun aya a cikinta. To amma ku tsaya ku dubi abin da idon yaro. Tun da ya fara wayo, duk abin da ya taɓa sha daga irin wannan gorar mai zaƙi ne. Shi bai iya karatu ba, ko da ya iya ma babu rubutu a jiki. An ce yaro bai san wuta ba sai ya taka, to wannan wutar ba ta barin ƙafar da za a koyi darasi da ita.

Kuma ina ake ajiye gorar? A ƙarƙashin gado. A bayan ƙyaure. A gindin randa, inda yaro yake zuwa duk sanda ƙishirwa ta kama shi. Wani maigidan ya dawo daga gona ya jingine famfon feshi a zaure, ragowar maganin da ya dama a gorar ruwa ya bar ta a gefe, ya shiga alwala. Minti biyar sun isa. Haba jama'a! Kuɗi kuna kulle su a akwati, waya kuna ɗora ta inda hannun yaro ba ya kaiwa, amma guba a ƙasa tsirara?

Kada wani ya ce mini ai kaɗan ne. Sinadarin da ke cikin yawancin fiya-fiya, wanda ake rubutawa DDVP a jikin kwalba, an yi shi ne don gona da rumbu, ba don ɗakin kwana ba. Saboda yawan ɓarnar da yake yi ne hukumar NAFDAC a 2019 ta hana sayar da Sniper, wani maganin ƙwari mai wannan sinadari, a kasuwanni da manyan kantuna. Shi ne kuma aka samu ya wuce kima a cikin wakenmu har Tarayyar Turai ta rufe wa waken Najeriya ƙofa a 2015. Abin da wasu ƙasashe suka ƙi yarda da ɓurɓushinsa a buhu, mu shi muke ajiyewa tsagwaronsa kusa da shimfiɗar jariri. Maganin ciyawa ma kada ku raina shi. Akwai mai sinadarin farakwat, kurɓi ɗaya yana iya kashe babban mutum, kuma ba shi da makari. Mutum zai ga kamar ya samu sauƙi, bayan 'yan kwanaki huhu ya lalace. Shi ma na sha ganin an tsiyaye shi a gora.

Abu na biyu da yake ƙona mini rai shi ne abin da ake yi bayan yaro ya sha. Maimakon a nufo asibiti, sai a taru a kansa. Wannan ta kawo manja, waccan ta kawo madara ko nono, wani ya ce a dama ruwan gishiri, wani ya zura masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Wallahi babu ɗaya a cikinsu da yake karya wannan guba. Fiya-fiyar tsiyaye sau da yawa haɗe take da kananzir, in kuka sa shi amai sai ta koma ta hanyar numfashi ta shiga huhu, ciwo ɗaya ya zama biyu. Yaron da hankalinsa ya fara gushewa kuma in aka ɗura masa abu, shaƙe shi ake yi. Wasu kuma da sun ga kumfa a baki da fizge-fizge sai su ce iska ce ko farfaɗiya, a tsaya hayaƙi da tofi. Ku yi addu'a, ni ma ina yi, amma ku yi ta a kan babur kuna tahowa.

Sannan ku gaya mana gaskiya. Uwa takan ji tsoron faɗan maigida ko surutun kishiya, sai ta ce amai da gudawa ne kawai suka kama shi. Yaya, ba kotu kika zo ba. In kika ɓoye, za mu ɓata lokaci muna neman kwalara ko zazzaɓin cizon sauro, alhali maganin da yake buƙata daban ne. Mukan duba ƙwayar ido, in ta tsuke kamar kan allura ga miyau ga gumi, mun gane. Akwai allurar da ake kira atirofin, ita ce take busar da ruwan da ke cika ƙirji, kuma na ga yaran da aka kawo ranga-ranga sun koma gida da ƙafarsu saboda an kawo su da wuri. Na kuma ga waɗanda aka kawo bayan an gama gwajin manja. Ba na son in ƙara ganin irin wannan.

In tsautsayi ya faɗa, ga abin yi, kuma da sauri:

A cire masa kayan da maganin ya taɓa, a wanke jiki da ruwa da sabulu, domin ta fata ma yana shiga. Mai wankewa ya sa leda a hannu.
In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsafta kamar minti 15.
Kada a ba shi komai ta baki, kada a sa shi amai.
A kwantar da shi a gefe ɗaya, ba rigingine ba.
A taho da gorar ko kwalbar, a ɗaure cikin leda.
Ko da yana wasa kamar babu abin da ya same shi, a kawo shi.

Ku kuma masu tsiyayarwa, da ku nake. Ribar naira nawa ce a cikin gora guda da za ta sa ku miƙa wa ɗan shekara bakwai guba a mazubin abin sha? In mutum ba zai iya sayen kwalba ba, su haɗa kuɗi da maƙwabci su saya a mazubinta na asali mai rubutu da murfi, wurin masu sayar da kayan noma. A rataye ta sama a rumbu ko a kulle, ba a ɗakin kwana ba, ba a madafa ba. In ta ƙare, a ɗauraye ta sau uku a juye ruwan cikin famfon feshi, a huda ta, kada ta dawo gida ta zama ta zuba man gyaɗa ko ta ɗiban ruwa. Sauro kuwa, gidan sauron da aka raba muku ranar awo yana nan a ƙulle cikin ledarsa, na sani. Ku ciro shi ku ɗaura.

Yau kafin ku kwanta, ku haska fitila ƙarƙashin gado da bayan ƙyaure da gindin randa. Duk gorar da kuka gani wadda abin cikinta ba na sha ba ne, ku fitar da ita daga ɗakin a daren nan.