Guy Lewis

Guy Vernon Lewis (19 ga Maris 1922 – 26 ga Nuwamba 2015) kocin ƙwallon kwando ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya horar da ƙungiyar Jami'ar Houston da ke jihar Texas daga 1956 zuwa 1986. A cikin shekaru 30 ɗin nan ya ci wasa 592, aka cinye shi a 279. Sau biyar yana kai ƙungiyarsa zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe a gasar jami'o'in Amurka ta NCAA, wato a 1967, 1968, 1982, 1983 da 1984, amma kofin bai taɓa shiga hannunsa ba. A Najeriya an fi saninsa da cewa shi ne kocin Hakeem Olajuwon a jami'a.

Tasowa da kama aiki

An haife shi a Arp, wani ƙaramin gari a gabashin Texas. Ya yi aikin soja a rundunar sama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya buga wa Jami'ar Houston wasa har ya gama karatu a 1947. Ya dawo a 1953 a matsayin mataimakin koci Alden Pasche, ya gaje shi bayan shekara uku.

A zamanin Lewis, kocin jami'a ba ya sayen 'yan wasa kamar na kulob. Sai ya bi makarantun sakandare, ya shiga gidaje ya shawo kan iyaye da tayin karatu kyauta, kuma duk gwanintar yaro, ba zai wuce kakar wasa huɗu ba. A nan Lewis ya sha gaban takwarorinsa na kudancin Amurka. A 1964, lokacin da yawancin manyan jami'o'in yankin ba sa ɗaukar baƙaƙen fata a ƙungiyoyinsu, ya ɗauko Elvin Hayes da Don Chaney daga jihar Louisiana. Su ne suka mayar da Houston ƙungiyar da ake shakka.

Salon wasansa

Dabararsa ba ta da wani ɓoye-ɓoye: a kai ƙwallo ga dogon ɗan wasa a gindin kwando, kuma da zarar an ƙwace ƙwallo a ruga kafin abokan hamayya su koma su tsare gida. Ya dage a kan 'yan wasansa su riƙa dankara ƙwallo cikin kwando daga sama, domin a ganinsa babu jifan da ya fi wannan tabbas. Hukumar NCAA ta haramta dankarawar daga 1967 zuwa 1976, abin da ya rage wa salon nasa kaifi na tsawon shekaru. Ana gane shi daga nesa da tawul ɗinsa mai ɗige-ɗigen ja da fari, wanda yake riƙewa a gefen fili, in rai ya ɓaci ya wurga shi sama.

Karawa da UCLA a 1968

Lewis ne ya matsa aka shirya wasa da UCLA (Jami'ar California da ke Los Angeles) ta koci John Wooden a katafaren filin Astrodome da ke birnin Houston ranar 20 ga Janairu 1968. UCLA ta zo da tarihin cin wasa 47 a jere, ga kuma Lew Alcindor, wanda daga baya ya zama Kareem Abdul-Jabbar. 'Yan kallo 52,693 suka shiga. An shimfiɗa dandamalin wasan a tsakiyar filin, nesa da kujerun jama'a, aka kuma nuna wasan kai tsaye da dare a talabijin a faɗin Amurka, abin da ba a taɓa yi wa wasan jami'a na tsakiyar kaka ba. Houston ta ci 71 da 69. Hayes ya ci maki 39, Alcindor kuwa, da yake yana fama da rauni a ido, ya tsaya a 15.

Ramuwar ba ta jima ba. A watan Maris suka sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe, UCLA ta sa mutum ɗaya ya manne wa Hayes, sauran huɗun suka tsare yankin kwando. Hayes ya tashi da maki 10, aka lallasa Houston 101 da 69.

Zamanin Olajuwon da Drexler

Olajuwon ya isa Houston daga Legas a 1980. Mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa kuma ɗan ƙwallon hannu, bai daɗe da fara kwando ba. Kakarsa ta farko bai buga gasa ba, atisaye kawai ya yi. A ta biyu ma daga benci yake shigowa. Lokacin hutu yana zuwa cibiyar wasanni ta Fonde yana gogayya da Moses Malone na Houston Rockets, ƙungiyar birnin a gasar ƙwararru ta NBA, kuma a nan ya ƙara gogewa. Shi da Clyde Drexler suka zama ginshiƙan ƙungiyar da aka yi wa laƙabi da Phi Slama Jama saboda yawan dankara ƙwallo.

Wasan da ya fi bin sunan Lewis shi ne na ƙarshe da jami'ar North Carolina State ranar 4 ga Afrilu 1983 a Albuquerque. Houston ta zo da nasara 26 a jere, ta kuma doke jami'ar Louisville 94 da 81 kwana biyu kafin nan, don haka kowa ya ɗauka kofi nata ne. Matsala ta fara tun kafin hutun rabin lokaci: an rubuta wa Drexler laifi huɗu, alhali na biyar ke fitar da ɗan wasa a gasar jami'o'i. Aka tafi hutu Houston na baya, 33 da 25. Da aka dawo ta ci maki 17, abokan karawarta suka ci 2 kacal, ta wuce gaba 42 da 35.

Nan Lewis ya ba da umarnin a baje a fili a riƙa juya ƙwallo don cin lokaci. Yana da hujja. A lokacin babu agogon da ke tilasta jifa cikin ƙayyadadden lokaci (sai kakar 1985–86 aka shigo da na daƙiƙa 45), ga garin a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, har Olajuwon sai da ya fita ya shaƙi iskar oksijin. Amma jan wasa ya raba Houston da gudun da shi ne ƙarfinta, ya kuma tona rauninta, wato jifan kyauta da ake ba wanda aka yi wa ƙeta. Kocin North Carolina State, Jim Valvano, ya sa yaransa suna yin ƙeta da gangan, 'yan Houston suna ɓarar da jifan. Ana 52 da 52, Dereck Whittenburg na North Carolina State ya yi jifa daga nesa ƙwallon ba ta kai kwando ba, abokin wasansa Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya dankara. Aka tashi 54 da 52. Duk da rashin nasarar, Olajuwon aka zaɓa gwarzon ɗan wasan gasar.

A 1984, bayan Drexler ya tafi NBA, Houston ta sake zuwa wasan ƙarshe, jami'ar Georgetown ta ɗan wasa Patrick Ewing ta doke ta 84 da 75. A shekarar ne Houston Rockets ta ɗauki Olajuwon a matsayin na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa, kamar yadda aka ɗauki Hayes na farko a 1968.

Ritaya da karramawa

Lewis ya ajiye aiki a 1986. An daɗe ana yi masa gorin cewa tara gwanaye kawai ya iya, ba dabara ba. Zargin bai cika adalci ba, domin Olajuwon da ya sauka a 1980 ɗanye ne, kuma Hayes, Drexler da Olajuwon duk sun riga kocin nasu shiga zauren karrama gwarazan ƙwallon kwando na Naismith, suna ta kiran a saka shi. Kamfanin dillancin labarai na AP ya zaɓe shi kocin shekara a 1968 da 1983. Zauren Naismith bai karɓe shi ba sai a 2013, yana da shekara 91. Ya rasu a garin Kyle da ke Texas yana da shekara 93.