Waiwaye: Wa ke da ta cewa a cikin CEDEAO?

A Maradi in an ambaci CEDEAO, wato ƙungiyar raya tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne watannin da iyaka ta kasance a rufe saboda takunkumin da ƙungiyar ta ƙaƙaba wa Nijar a 2023: manyan motoci sun yi cirko-cirko tsakanin Jibiya da Ɗan Issa, kayan gwari na ruɓewa a cikinsu, wutar da ake jawowa daga Katsina ta ɗauke, shinkafa da magani sun yi tashin gwauron zabi. Ƙungiyar kuwa rassa gare ta da dama, kuma ba dukansu ne suka sa hannu a wannan hukunci ba.

An kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayun 1975 da ƙasashe 15, bisa ƙoƙarin Yakubu Gowon da Gnassingbe Eyadema na Togo, a zamanin Seyni Kountche. Kasuwanci ne maƙasudin farko. A 1979 aka amince ɗan kowace ƙasa ya shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Mu nan dama tun kaka da kakanni muke kai da komo tsakanin Katsinar Maradi da Katsina da Kano, amma takardar ta ba ɗan kasuwa bakin magana a gaban duwan.

Tun ran gini, wuƙa da nama suna hannun taron shugabannin ƙasashe. Su ke yanke hukunci, majalisar ministoci ta share musu fage, hukumar gudanarwa da ke Abuja ta aiwatar. Wannan hukuma sakatariya ce a da, sai a 2007 aka ɗaga matsayinta. Akwai bankin raya ƙasashe a Lome, an kuma kafa hukumar lafiya a Bobo-Dioulasso.

Gyaran yarjejeniya da aka yi a Kwatano a 1993 ya tanadi majalisar dokoki, wadda Mahamane Ousmane ya shugabanta daga 2006. Sai dai ba talakawa ke zaɓen wakilanta kai tsaye ba, daga majalisun ƙasashe ake turo su, kuma galibi shawara suke bayarwa. A ganina nan ne babban giɓin: reshen da ya kamata ya zama muryar jama'a shi ne mafi rauni.

Kotun ƙungiyar ce ta fi taɓa rayuwar talaka. Daga 2005 aka ba kowane mutum damar kai ƙarar gwamnatinsa kan take haƙƙi. Ta wannan ƙofa Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya a yankin Ƙwanni, ta yi ƙarar Nijar. A Oktoban 2008 kotun ta ce hukuma ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Abin takaici, wannan shari'a ba ta yaɗu a bakin jama'a kamar yadda labarin takunkumi ya yaɗu ba.

Shi takunkumin tushensa yarjejeniyar dimokuraɗiyya ce ta 2001. Da ita aka dakatar da Nijar a 2009 lokacin tazarcen Tandja. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, shugabanni suka taru a Abuja ranar 30 ga wata, suka rufe iyakoki, suka ba sojoji wa'adin mako guda, har da barazanar ɗaukar matakin soja. Ba wanda ya tambayi mai sayar da tattasai a babbar kasuwar Maradi, alhali shi ya fara ji a jikinsa. Toshe asusun gwamnati kuwa ta hannun UEMOA da babban bankinta BCEAO aka yi shi, ita UEMOA ƙungiya ce daban ta ƙasashe masu amfani da sefa.

Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES, a Satumban 2023, suka sanar da ficewarsu daga CEDEAO ranar 28 ga Janairun 2024. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu, amma ba su janye ba, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A lokacin CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar takardun tafiyar ƴan ƙasashen uku har zuwa wani sabon mataki. Nijar dai tana nan cikin UEMOA, reshen BCEAO na Maradi kuma na ci gaba da aiki.