Filin Jirgin Sama na Knock

Filin Jirgin Sama na Knock, wanda a hukumance ake kira Ireland West Airport, ƙaramin filin jirgi ne a gundumar Mayo, yammacin ƙasar Ireland. Yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 200 daga teku, kusa da garin Charlestown, kuma tsakaninsa da ƙauyen Knock da ya ari sunansa akwai kusan kilomita 20. Titin jirginsa guda ne tak, tsawonsa ya ɗan haura mita 2,300, alamarsa a jikin tikiti kuwa NOC. Fasinja sama da 800,000 ne ke bi ta cikinsa a shekara, abin da ya sa shi ne na huɗu a ƙasar bayan Dublin da Cork da Shannon. Tarihinsa misali ne na yadda ƙaramin fili ke samun sababbin hanyoyi, da yadda suke kuɓuce masa.

Asali

Knock ƙauye ne da mabiya ɗarikar Katolika ke kai wa ziyarar ibada tun ranar 21 ga Agusta 1879, lokacin da mutum 15 suka ce sun ga Maryamu uwar Yesu a jikin bangon cocin garin. Da aka cika shekara ɗari, Fafaroma John Paul na Biyu ya je wurin a watan Satumba na 1979, jama'a kusan 450,000 suka taru. Limamin cocin, Monsignor James Horan, shi ne ya tsaya kai da fata cewa sai an gina filin da babban jirgi zai iya sauka a yankin.

An fara aiki a 1981 da kuɗin gwamnati. Da mulki ya sauya hannu sai aka rufe famfo, aka bar titi a ƙasa ba ginin tasha. Ministan sufuri na lokacin, Jim Mitchell, ya yi wa aikin shaguɓe da cewa an ɗora shi kan tudu mai hazo da taɓo, nesa da kowane gari na kirki, kuma maganar ta bi filin har yau. Horan, yana dattijo mai shekara sama da 70, ya shirya wata babbar cacar tikiti, ya zaga Amurka da Ostareliya wajen 'yan Mayo mazauna can, ya tara kimanin fam miliyan 4 na kuɗin Ireland aka ƙarasa. Ranar 25 ga Oktoba 1985 jiragen shata uku na kamfanin Aer Lingus suka tashi da masu ziyara zuwa birnin Rum. An yi bikin buɗewa ranar 30 ga Mayu 1986. Wata biyu bayan haka Horan ya rasu a Lourdes ta ƙasar Faransa, aka dawo da gawarsa ta filin da ya gina.

Wa ke cika kujerun

Don masu ibada aka gina filin, amma ba su ne suka riƙe shi ba. Jirgin masu ziyara na lokaci ne, kamar yadda wasu filayen arewacin Nijeriya ke farkawa lokacin jigilar alhazai su koma barci bayan Babbar Sallah. Abin da ya ba Knock ciniki na kullum shi ne ƙaura. A ƙidayar 1841 mutanen Mayo sun kusa 390,000. Zuwa 1971 sun ragu zuwa kusan 110,000. Yunwar da lalacewar dankali ta jawo ta ci wasu, sauran suka watsu, da yawansu zuwa wuraren gine-gine da asibitocin Ingila. Kafin filin, mai aiki a Landan da ke son zuwa jana'izar mahaifinsa sai ya hau jirgin ƙasa zuwa tashar jirgin ruwa ta Holyhead a Wales, ya tsallaka teku a jirgin ruwa, ya sake ratsa Ireland daga gabas zuwa yamma, tafiyar yini da dare. Yanzu tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce a sama.

Kamfanin Ryanair, wanda a lokacin shi ma jariri ne, ya gane wannan da wuri. A 1986 ya buɗe hanyar Luton, ɗaya daga filayen da ke kewayen Landan, kuma har yau tana nan. Wanda ya duba jerin hanyoyin da suka daɗe zai ga taswirar inda 'yan yammacin Ireland suka yi kaka-gida ce: Luton da Stansted, Liverpool, Manchester, Birmingham, Bristol, East Midlands, Edinburgh. Waɗannan ba sa jiran bazara, domin biki da rasuwa da duba tsohuwa a gida ba su da wata.

Rukuni na biyu shi ne hanyoyin hutu zuwa inda ake rana: Faro a Fotugal, Alicante da Malaga da Girona a Sifaniya, da tsibiran Canary. Yawancinsu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suke, sau biyu ko uku a mako. Sai 'yan kaɗan da ake fatan su kawo baƙi daga waje, kamar Cologne a Jamus da Bergamo kusa da Milan, musamman tun da aka ƙaddamar da hanyar yawon buɗe ido ta gaɓar Atlantika a 2014.

Hanyoyin da suka mutu

Tarihin filin cike yake da hanyoyin da aka buɗe da kaɗe-kaɗe da hoton 'yan siyasa a gindin jirgi, aka rufe su shiru. A Janairun 2005 kamfanin easyJet ya fara tashi daga filin Gatwick na Landan zuwa Knock. Ryanair bai ɓata lokaci ba, ya ɗora nasa jirgin kan hanyar, ya karya farashi. A 2006 easyJet ya tattara nasa ya nasa ya fice daga Jamhuriyar Ireland baki ɗaya. Fasinja sun sha araha na ɗan lokaci, filin kuma ya ƙara dogara da kamfani guda.

Babban burin mutanen yankin shi ne jirgin Amurka kai tsaye. Sun ɗanɗana shi a bazarar 2007, lokacin da Flyglobespan na Scotland ya riƙa yada zango a Knock a kan hanyarsa daga Liverpool zuwa New York, da kuma daga Glasgow zuwa Boston. Jinkiri ya yi wa tafiyar yawa, ba a maimaita ba, kamfanin kansa ya durƙushe a Disambar 2009. Tun daga nan abin da ake gani daga Amurka shata ne jefi-jefi, kamar wanda ya kawo Kadinal Timothy Dolan da masu ziyara daga New York a Agustan 2015.

Wasu hanyoyin kuma mutuwar mai su ce ta kashe su. Kamfanin Bmibaby ya rufe a 2012, Flybe da ke haɗa Knock da wasu biranen Birtaniya ya faɗi a Maris 2020. Hanyar Dublin, wadda Aer Arann ke bi da tallafin gwamnati, ta tsaya a 2011 da aka janye tallafin, bisa hujjar cewa tituna sun gyaru har mota ta wadatar. Wannan shawara ta yi wa maƙwabta illa fiye da Knock: filayen Sligo da Galway sun rasa jiragen fasinja a shekarar, kuma ba su dawo ba. Gajerun titunansu ba sa ɗaukar Boeing 737. Dogon titin da aka yi wa Horan dariya a kansa shi ne ya bar Knock a tsaye, har ya gaji fasinjan sauran.

Yadda ake ƙulla ciniki

Ƙaramin fili ba ya zama ya jira kamfani, shi ke bin kamfani. Jami'ansa kan je da lissafin mutanen da ke zaune a kewayensa, da adadin waɗanda ke tuƙin sa'a uku zuwa Dublin don hawa jirgi, su nuna cewa kujeru za su cika. Lissafin ba shi da wuya: Boeing 737-800 na Ryanair kujera 189 gare shi, idan zai yi sawu uku a mako, ana neman sama da mutum 500 masu fita kowane mako, da irinsu masu shigowa, rani da damina. Kamfanin kuma kan nemi ragin kuɗin sauka da taimakon talla. Ƙa'idojin Tarayyar Turai na 2014 sun yarda a tallafa wa sabuwar hanya da abin da bai wuce rabin kuɗin da filin ke karɓa a hannun kamfani ba, na tsawon shekara uku, a filayen da fasinjansu ba su kai miliyan 3 ba. Shekara ta huɗu ce ke nuna ko hanya ta kafu. Jirgi ba gini ba ne. Idan ba riba, kamfani zai ɗauke shi ya kai wata ƙasa a jadawali na gaba.

Abin da Knock ke da shi na jan hankali shi ne sauri. Babu gadar shiga jirgi. Jirgi na tsayawa a turo matakala gaba da baya, fasinja su sauko su taka da ƙafa zuwa tasha, sau da yawa cikin yayyafi da iska, masu fita kuma suna tsaye a layi a bakin ƙofa. Cikin minti 25 ake so ya juya. Hazon da Mitchell ya ambata gaskiya ne, yakan sa a karkatar da jirgi zuwa Shannon ko Dublin a kwaso mutane a bas, ko da yake na'urar sauka da aka inganta daga baya ta rage hakan.

Tun da kamfanoni ba sa biyan abin a zo a gani, filin na neman kuɗi ta wasu kafofi: wurin ajiye mota, kantuna, da harajin raya fili na Yuro 10 da duk mai fita ɗan shekara 12 zuwa sama ke biya da kansa, daban da kuɗin tikiti. Baƙo da bai sani ba yakan yi tsaki a nan. Gwamnati na biyan wani ɓangare na ayyukan tsaro da kiyaye haɗari ta shirinta na filayen yankuna. Kashi 82.5 na filin na hannun kwamitin amintattu mai ɗauke da sunan Horan, kashi 17.5 kuma na ƙananan hukumomi bakwai na yankin ne, waɗanda suka zuba Yuro miliyan 7.3.

Shekarun baya-bayan nan

A 2019 fasinja sun kai kusan 807,000. Annobar korona ta sa aka rufe filin daga ƙarshen Maris zuwa farkon Yulin 2020, adadin shekarar ya faɗo ƙasa da 150,000. Zuwa 2023 ya wuce na 2019. A watan Maris na 2023 Aer Lingus ya mayar da jirginsa na kullum daga Gatwick, inda yake tun 2009, zuwa Heathrow, babban filin Landan, wanda ya ba matafiyin Mayo damar sauya jirgi zuwa Asiya ko Afirka ko Amurka ba tare da ya ratsa Landan da jaka ba. Fafaroma Francis ya sauka a filin a Agustan 2018. Shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, wanda kakanninsa 'yan Ballina ne a Mayo, ya sauka a Afrilun 2023.