Waiwaye: Fafutukar Raba Aikin Prolog Tsakanin Masarrafai Da Yawa

A shekarar 1972, a birnin Marseille na Faransa, Alain Colmerauer da Philippe Roussel suka fito da Prolog, harshen shirya manhaja wanda mai rubutu ba ya zayyana wa kwamfuta matakan da za ta bi. Bayanai da ƙa'idojin manɗiƙi kawai yake ba ta, sannan ya yi tambaya, ita kuma ta nemo amsa. Tun ba a yi nisa ba masana suka hango wata garaɓasa: tunda gaskiyar ƙa'ida ba ta canzawa ko da wane ɓangarenta aka fara dubawa, me zai hana a raba binciken tsakanin masarrafai (wato sassan kwamfuta masu aiwatar da umarni) goma ko ɗari su yi shi lokaci guda, ba tare da mai rubutun ya ƙara ko da harafi ɗaya ba?

Ƙofofi biyu ne suka bayyana. Ɗauki ƙa'idar da ta ce wane kakan wane ne idan ya haifi wani, wannan kuma ya haifi jikan. Idan hanyoyin amsa tambayar suna da yawa, kowane masarrafi na iya bin tasa hanyar, wannan shi ne rabon "ko". Idan kuma sharuɗɗan ƙa'ida ɗaya aka raba, wani ya duba na farko, wani ya duba na biyu, shi ne rabon "da".

A rabon "ko", wahalar tana cikin gurbi, wato wurin da ake bari a ƙa'ida don a cike shi da suna idan an gano shi. Kafin a rabu, gurbin mahaifin da ke tsakiya babu kowa a cikinsa. Bayan an rabu, wannan masarrafi zai cike shi da suna ɗaya, wancan ya cike shi da wani, alhali wuri guda ne a ma'ajiyar kwamfuta. Tsarin Aurora, wanda ɗakin bincike na Argonne a Amurka da cibiyar SICS ta Suwidin da tawagar David H. D. Warren a Ingila suka haɗa hannu a kansa a ƙarshen shekarun 1980, ya bai wa kowane masarrafi jadawalinsa na kansa inda yake rubuta abin da ya cike. Muse kuwa, na Khayri Ali da Roland Karlsson a SICS, wata dabara ya bi: duk masarrafin da ya rasa abin yi sai ya kwafi tarin bayanan wanda aiki ya yi wa yawa, ya ci gaba daga nan. Dukansu sun yi sauri sosai a matsalolin da ke da faɗin bincike, amma a ƙananan ayyuka kuɗin dako ya fi kayan tsada.

Rabon "da" ya fi sarƙaƙiya, domin sharuɗɗan biyu na ƙa'idar kaka duk suna jiran gurbi ɗaya, kuma na biyu ba shi da madafa sai na farko ya faɗi wanene mahaifin. A 1984 Doug DeGroot ya ba da shawarar a taƙaita rabon ga sharuɗɗan da ba su haɗa gurbi ba, Manuel Hermenegildo kuma ya gina &-Prolog a kan wannan turba. A shekarar ce kuma Dwork da Kanellakis da Mitchell suka nuna cewa daidaita jimla da jimla, wato ƙashin bayan harshen, yana cikin matsalolin da ba a sa ran rabo zai gaggauta su sosai.

Japan ce ta zuba jari mafi girma. A 1982 ma'aikatar ciniki da masana'antu ta ƙasar, MITI, ta ƙaddamar da shirin kwamfutocin zamani na biyar, waɗanda za a gina kan harsunan manɗiƙi irin Prolog, ta kafa cibiyar ICOT a Tokyo ƙarƙashin Kazuhiro Fuchi. Sai dai harshen da suka tsaya a kai daga ƙarshe, KL1, wanda ya samo asali daga GHC na Kazunori Ueda, ɗan'uwan Parlog na Keith Clark da Steve Gregory ne, da Concurrent Prolog na Ehud Shapiro. A waɗannan harsuna, da zarar an zaɓi ƙa'ida an zaɓa ke nan, babu komawa baya a gwada wata. Rabo ya yi sauƙi, amma an sallama binciken da ya sa Prolog ya zama Prolog. An ƙera kwamfutocin musamman na shirin, masu suna PIM, masu ɗaruruwan masarrafai, shirin ya cika shekara goma a 1992, kasuwa kuwa ba ta waiwaye su ba.

A ganina, ba a rashin basira aka faɗi ba. Prolog ɗin da mutane ke rubutawa a zahiri ba tsantsar manɗiƙi ba ne: akwai umarnin datse bincike, akwai buga saƙo a allo, akwai ƙara bayani ana tsakar aiki, kuma duk waɗannan suna dogara da jerin da aka bi daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama. Masarrafin da ya yi gaba yana iya shan wahala a reshen da za a datse daga baya. Ga kuma abokin takara da ba a yi lissafi da shi ba: tsarin gudanar da Prolog da Warren ya fito da shi a 1983, da manhajojin fassara Prolog zuwa umarnin kwamfuta irin Aquarius na Peter Van Roy, sun sa Prolog na masarrafi ɗaya gudu ƙwarai, masarrafan kasuwa kuma suna ninka saurinsu cikin 'yan shekaru, har injin musamman kan tsufa kafin a gama ƙera shi.

Wajen 2005, da masarrafai masu ƙwaya biyu da huɗu, wato masu iya yin ayyuka da yawa lokaci guda, suka shiga kwamfutocin kowa, sai maganar ta sake tasowa, amma ribar ta fi zuwa ta gefe. Datalog, ƙanen Prolog da bai damu da jerin ƙa'idoji ba, yana aiki a kan tarin bayanai gaba ɗaya, don haka raba shi ya zo da sauƙi. Soufflé, wani tsarin Datalog wanda aka faro a Oracle Labs, da shi ake binciken manyan manhajoji. SWI-Prolog kuwa ya buɗe hanyar gudanar da ayyuka da yawa lokaci guda, sai dai mai rubutun ne da kansa yake faɗin inda za a raba.