Ruwa mai tauri a biranen gaɓar teku

Ruwa mai tauri shi ne ruwan da sinadaran kalsiyam da magniziyam suka yi yawa a cikinsa. Galibi ana danganta sunan da wahalar wanki da shi: sabulu ba ya kumfa sosai, sai ya guntse ya bar datti-datti a kan ruwa. Ya bambanta da ruwan zartsi, wanda gishiri ne ya yi masa yawa, ko da yake a bakin teku sau da yawa famfo ɗaya ke kawo su a haɗe.

Asali

Ruwan sama ba shi da tauri. Yana ɗaukar iskar kabon daga sararin sama da cikin ƙasa, ya ɗan yi tsami, sannan ya narkar da dutsen farar ƙasa ko na alli a kan hanyarsa. Saboda haka kusanci da teku kaɗai ba ya sa ruwan gari ya yi tauri. Dutsen da ruwan ya ratsa shi ne kan gaba. Brighton a kudancin Ingila daga ƙarƙashin alli take jan ruwanta. A Basalona ta Sifaniya kuwa, ruwan kogin Llobregat ga tauri ga gishiri, domin yana bi ta yankin da ake haƙar gishirin fotash.

Teku na shigowa ne idan an cika zuƙar ruwan rijiyoyin burtsatse. A ƙarƙashin gaɓa, ruwan daɗi yana zaune ne a kan ruwan teku saboda ya fi shi rashin nauyi. Masu bincike biyu, Badon Ghyben a wajajen 1888, da Herzberg a 1901, sun nuna cewa idan saman ruwan daɗi ya sauka da mita 1, ruwan gishiri na iya hauhawa da kusan mita 40. Lita ɗaya ta ruwan teku na ɗauke da kimanin miligiram 1,300 na magniziyam da 400 na kalsiyam, don haka ɗan kaɗan ma ya isa ya sauya ruwan rijiya.

Tarihi

Masu injinan tururi sun ɗanɗana kuɗar ruwa mai tauri a ƙarni na 18 da na 19. Farin ɓawo yakan daskare a cikin tukunyar injin, wuta ta ci ƙarfen, wani lokaci har ta fashe. A 1841 Thomas Clark, malamin kimiyyar sinadarai a Aberdeen ta Sikotland, ya yi rajistar hanyar rage taurin ruwa. Dabararsa kamar ba za ta yi ba: ƙara ruwan farar ƙasa ake yi, sai ya ja kalsiyam ɗin da ke narke su kwanta tare a ƙasan tanki. Shi ne kuma ya fito da gwajin sabulu, inda ake ɗiga ruwan sabulu cikin kwalba ana girgizawa har kumfa ta tsaya, a lissafa yawan da ya ci. Digiri ɗaya na ma'aunin taurin ruwa da ke ɗauke da sunansa daidai yake da kimanin miligiram 14.3 na kalsiyam kabonet (sinadarin alli) a lita. Na Jamus 17.8 ne, na Faransa 10, shi ya sa takardun injin wanki kan zo da alƙaluma iri-iri.

A wajajen 1905 Bajamushe Robert Gans ya haɗa wani ma'adini mai kama kalsiyam ya saki sodiyam. A 1935 Adams da Holmes a Ingila suka samar da ƙwayoyin roba masu wannan aiki, kuma irinsu ne ke cikin na'urorin rage taurin ruwa na gida na yau, waɗanda ake zuba wa gishiri lokaci-lokaci.

Rabe-rabe

Hukumar binciken ƙasa ta Amurka na ɗaukar miligiram 0 zuwa 60 na kalsiyam kabonet a lita a matsayin ruwa mai laushi, 61 zuwa 120 matsakaici, 121 zuwa 180 mai tauri, abin da ya haura 180 kuma mai tauri ƙwarai.

Illa ga kayan gida

Zafi ne ke fitar da ɓawon, musamman idan ruwa ya wuce digiri 60 na ma'aunin Celsius. A butar lantarki ana ganinsa ƙiri-ƙiri: gindin ya yi fari fat, ɓarɓashi na yawo idan an tsiyaya. A hita da injin wanki kuwa a ɓoye yake, ya lulluɓe ƙarfen ɗumama ruwa ya hana zafi fita, ƙarfen ya yi ta ƙuna har ya mutu. Yana toshe ƙofofin dutsen guga mai tururi da na kan shawa. Inda gishirin teku ya shiga, ana samun tsatsa a kan haka. Ruwan khal ko na lemon tsami na narkar da ɓawon.

Lafiya da saɓani

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wa taurin ruwa iyaka ba ta fuskar lafiya. Ana saɓani kan amfanin na'urorin maganaɗisu da ake ɗaura wa bututu don hana ɓawo. Ruwan teku da aka tace, kamar na masana'antar da aka buɗe kusa da Basalona a 2009, laushinsa kan yi yawa har ya ci bututu, sai an mayar masa da ɗan kalsiyam kafin a sake shi.